Saura Mutum Ɗaya

Daren wata Asabar ne cikin hunturu, muna zaune a teburin mai shayin da muka saba a Tudun Wadar Zariya, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, sai ga wata baƙar mota ta tsaya a bakin kwata. Wanda ya fito daga ciki ba baƙo ba ne, tare muka yi sakandare da shi. Yanzu yana Abuja yana dillancin motoci, Allah kuwa ya buɗa masa. Tun da ya sauke farali muke ce masa Alhaji Ƙarami. Ɗaurin aure ne ya kawo shi gari.

Bayan an gaisa an yi yaushe rabo, ya sa aka soya wa kowa ƙwai, sannan ya gyara zama ya ce yana da shawara. Yana so ya zuba kuɗi a harkar fim, amma ba irin na soyayya da rawa ba. Littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa yake so a mayar fim, sabo fil, da kayan aikin zamani. Ya ce duk cikin littattafan Hausa babu wanda ya kwanta masa a rai kamarsa tun yana ɗan firamare.

Nan take majalisa ta kaure. Mai shayi ya yago takardar da yake naɗe burodi, wani ya zaro biro, aka ce ni in rubuta.

Wa zai fito a Shaihu Umar? Mutum uku suka ce Ali Nuhu a tare. Wani ya ce ai tun 2024 aka ba shi shugabancin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, ina zai samu sukunin zama cikin rairayi wata da watanni? Wani kuma ya ce a raba aikin gida biyu: a samu matashi ya yi Umar ɗalibi a ƙasar Masar, shi kuwa Shaihun da ya manyanta, wanda yake zaune a Rauta almajirai sun kewaye shi yana ba su labarin rayuwarsa, a ba Sani Mu'azu, don muryarsa kaɗai ta isa ta zaunar da mutum. Aka yi na'am da wannan. Makau, jarumin da 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla wa sharri har sarki ya kore shi daga gari, aka ba Sadiq Sani Sadiq. Sarki kuwa sai da aka kusa ɓatawa tsakanin masu son Tahir Fagge da masu son Shehu Hassan Kano. Aka ce Rabi'u Rikadawa ya jagoranci fadawa, tun da ya iya magana da ido. Wani yaro ya ce da Ibro na da rai da an nema masa gurbi, aka yi wa marigayin addu'a, aka wuce.

Da aka zo kan Abdulkarim, Balaraben da ya ɗauki Umar daga Kano ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, sai Alhaji Ƙarami ya ce wannan ba sai an wahala ba, zai nemo Balarabe na gaske. Sahara kuma a Agadas za a ɗauka, da raƙuma ɗari in ta kama. Guguwar da ta binne ayari kuwa kwamfuta za ta yi ta.

Ni dai ina son irin wannan musu, ba na ɓoyewa. Idan mutum ya ce wane ne zai dace da wane, ya gaya maka yadda ya ga mutumin littafin a zuciyarsa, da inda hankalinsa ya tsaya lokacin da yake karatu, da inda ya tsallake.

Duk wannan abin da ake yi, Baba Hedimasta yana gefen benci da kofin ruwan bununsa, bai ce uffan ba. Shekara 35 ya yi yana koyarwa kafin ya yi ritaya, kuma ƙauyensu ɗaya da Alhaji Ƙarami, wani gari da ko awa ɗaya ba a yi daga Zariya. Shi ya sa shi a aji ɗaya da hannunsa.

Alhaji Ƙarami ya juya ya ce, "Baba, ba ka sa mana baki ba."

Baba ya ce, "Ina jin ku, ɗana. Abin ya yi mini daɗi. Amma ka san ba kai ne na fari ba ko? Adamu Halilu ya yi fim ɗin nan a 1976, Umaru Ladan ne Shaihun. Na kalle shi ina saurayi. Daga baya ya ɓace kamar an shafe, sai da aka tono shi a wani ɗakin ajiya a Legas, aka gyara, aka nuna a Balin ta ƙasar Jamus a 2018. Shi kuwa littafin, malamin makaranta ne ya rubuta shi, irina. Lokacin marigayin yana koyarwa a Midil ta Bauci, ba wanda ya san zai zama Firayim Minista. Gasa aka sa a 1933, a nan Zariya, ƙarƙashin Rupert East, aka buga shi a 1934, zubi ɗaya da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Miƙo mini takardar in gani."

Na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya matsa kusa da fitilar mai shayi, ya bi sunayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Ya juya bayan takardar, ya ga babu komai sai maiƙon bota.

Ya ce, "Saura mutum ɗaya."

Muka shiga lissafi. Wani ya ce ɓarawon da ya sace Umar, wanda kura ta cinye. Wani ya ce malamin da ya karantar da shi a Masar.

Baba ya ce, "Wadda ta haifi Shaihun fa?"

Aka yi dariya, aka ce af, an sha'afa. Alhaji Ƙarami ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Baba. A ba Hajara Usman, ta saba fitowa a uwa. Fitowa biyu ko uku ne, ta yi kuka, shi ke nan."

Baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce, "Hajara gwana ce, ba na ja. Amma fitowa biyu ko uku? Yaushe rabonka da littafin, Alhaji?"

Bai amsa ba. Mu ma da muke ta zaƙewa, kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa.

Baba ya ce, "To bari in tuna muku. Matar nan Fatika ta tafi, Fatikar nan tamu ta bayan Giwa, don ta sallami iyayenta kafin ta bi mijinta Makau zuwa Maƙarfi. Ta bar yaron a hannun amana, aka sace shi. Mace ce, ba doki, ba dukiya, a zamanin da ake kama mutum a bakin gona a sayar. Da ta zauna ta ce ta bar wa Allah, wa zai zarge ta? Ba ta zauna ba. Ta bi sawu har Kano. Aka ce ai ɗanki ya yi gabas da Larabawa. Aka yaudare ta da sunan za a kai ta wurinsa, ta ƙare a baiwa. Ta ƙetare Sahara, Murzuk, har Tarabulus. Ta rame ta ƙanjame, bakinta bai daina kiran ɗanta ba. Shi kuma yana can yana karatu, ana girmama shi, ya zama malami. Sai da ya yi mafarki da zakanya da ɗanta sannan hankalinsa ya tashi. Da Allah ya haɗa su, ba ta daɗe ba ta cika. Duk shekarar da na karanta wa ɗalibai wurin nan sai na tsaya na sha ruwa."

Mai shayi ya rage wutar risho. Ba wanda ya nemi ƙari.

Baba ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In da gaske kake, ɗana, ni ina da wadda za ta yi maka wannan fitowa. Ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba, amma ba sai an koya mata komai ba, ba sai an shafa mata komai a fuska ba. A garinmu take. Tsohuwa ce, idonta ɗaya ya fara yana. Ɗanta yana birni, ba ya rage ta da komai, ka ji gaskiya. Ya yi mata rufin kwano, ya sa mata sola. Duk ƙarshen wata kuɗi na shigowa wurin yaron nan mai POS na bakin tasha. Ina zaune rannan ta zo karɓa. Yaron ya ƙirga ya ba ta, ta ƙulle a bakin zane, amma ba ta tafi ba. Ta ce masa, ɗan nan, kuɗin nan ba ya zuwa da magana? Yaron ya ce a'a Iya, lamba ce kawai. Ta ce to sake dubawa. Ya sake dubawa don ya faranta mata."

Ya kurɓi ruwan bununsa da ya riga ya huce.

"Ranar kasuwa kuwa tun hantsi take shimfiɗa buhu a gindin dalbejiyar tasha, da ɗan farantin daddawa a gabanta. Ba don kuɗin daddawar ba, ka san ba ta rasa ba. Duk motar da ta sauko daga titi sai ta ɗaga hannu ta kare rana ta bi ta da kallo har ta wuce. In baƙa ce sai ta miƙe tsaye, don an gaya mata motar ɗanta baƙa ce. Sallah biyar ke nan ina ƙirgawa. Ita ba ta san hanyar Murzuk ba, ƙafafun ma ba za su kai ta ba. Amma wallahi da za a nuna mata hanyar, da ta kama."

Na ɗaga kai na dubi Alhaji Ƙarami. Mabuɗin motarsa yake juyawa a kan tebur, yana kallon ƙwan da ya sandare a faranti. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, ya kife ta.

Wani daga cikinmu ya so ya kawar da shirun, ya ce, "To Baba, a rubuta sunan wa?"

Baba ya ce, "Bar wurin haka nan. Mai fim ya san sunan."

Ya ninke takardar gida huɗu ya tura ta gaban Alhaji Ƙarami, ya dafa sandarsa ya miƙe, ya laluba aljihu zai biya kuɗin shayinsa. Mai shayi ya ce an riga an biya. Ya yi godiya, ya yi mana sai da safe.

Ya kai bakin kwata ke nan Alhaji Ƙarami ya tashi ya bi shi. Muna jin su daga inda muke.

"Baba, gobe za ka shiga gida?"

"Gobe kasuwa, in na samu mota zan shiga."

"Ƙarfe nawa zan zo in ɗauke ka?"

Baba ya ɗan yi jim, ya gyara hularsa. Ya ce, "In an fito masallaci. Amma ka sauke ni tun daga kan titi, in ƙarasa da ƙafa. Ba ni ake jira a tashar ba."