Ingarman da Tela Ya Auna

Masu harkar dawaki a Ingila da tafin hannu suke auna doki, kowane tafi inci 4, haka aka tsayar da shi tun zamanin Sarki Henri na Takwas. Daga ƙasa ake farawa, a tsaya a ɗan doron da ke tsakanin kafaɗu, inda wuya ya haɗu da gadon baya, domin nan ne ba ya hawa ba ya sauka. Dokin da bai wuce tafi 14 da inci 2 ba, wajen santimita 147, ƙuru ne a wurinsu komai taƙamarsa. Ɗan kawuna da ke Jos bai san da wannan ba. Shi tela ne.

Sallah ta ƙarato aka sa sunana cikin masu hawa a bayan hakiminmu, ni kuwa ko akuya ban ɗaure ba. Na buga wa telan waya ya nemo mini aro.

"Yaya, na samo maka ingarma," in ji shi.

"Tsayinsa fa?"

"Na sa masa tef da hannuna, santimita 160 cif."

Tsayin dawakin Ajantina da ake wasan folo da su a Kaduna ke nan! Na karɓo hayar sirdi da jalala da linzami na babban doki, na ari alkyabba, na bi majalisun unguwa ina cewa kowa ya kama wuri da wuri.

Ranar jajibere a-kori-kura ta tsaya ƙofar gida. Ingarman yana ciki, kuma akwai sauran wuri, har direba ya haɗo da raguna biyu na wani. Uwargida ta leƙo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Maigida, ina uwarsa?"

Ashe daga kofato zuwa tsinin kunne aka auna, lokacin da ya ɗaga kai yana cizgar ganye.

Likitan dabbobin da na kira ya kafa sandar awo ya ce tafi 11 da inci 1. Da ya ga fuskata sai ya shiga lallashi. Wai a tsibiran Shetland na Sikotlan ƙurunsu ba ya wuce inci 42, amma shi ya riƙa jan kwal a ramukan Birtaniya bayan dokar 1842 ta hana sa mata da ƙananan yara aiki a ƙarƙashin ƙasa. Wai Falabella na Ajantina yawanci ko santimita 90 ba ya kaiwa. Na ce, "Likita, su ma hawan Sallah suke zuwa?" Yana haɗa kayansa ya ƙara da cewa mutanen Filato a da ba sa ɗaura wa irin wannan ƙurun sirdi, haka suke hawansa farauta cikin duwatsu. Wannan ce maganar da ta fi amfani, ita ce kuma ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Da safe majayi ya ƙi kama cikin ƙurun, jalala tana sharar ƙasa. Na hau na cire ƙafa daga likkafa, domin gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Muka shiga sahu, shi yana tafiya, ni ma ina tafiya. Wani dogari ya sunkuyo daga kan nasa dokin ya ce, "Ranka ya daɗe, hawa kake ko rakiya?"

'Yan bindiga suka saki ta farko. Ƙurun ya duƙar da kai ya zare jikinsa ta tsakanin ƙafafuna kamar an zare wuƙa daga kube, ya bar ni tsaye tsakiyar fili da rawani da alkyabba, sirdi maƙale a cinyoyina. Masu algaita ba su fasa ba, har wani maroƙi ya matso ya fara yi mini kirari.

Sai bayan la'asar aka gano shi a rumfar wani mai kayan lambu. Bai taɓa alayyafo ba, bai kalli yakuwa ba. Da yake ɗan Jos ne, kabeji da karas kawai ya cinye, ni kuma na biya a farashin ranar Sallah.