Allah Ya Ja Zamanin Masu Fasa Wa Mota Hanci

Ƙasar da Allah ya nufa da arziki, a kan titinta ake fara gani. Duk wanda ya tsaya bakin hanya a Fagam, ko ya zauna a tashar Gwaram, ko ya ratsa Sara ranar kasuwa a 'yan shekarun nan, ya shaida wata baiwa da ta sauko wa samarinmu masu mota, wato hanci a kan bonet. Wani guda ɗaya ne a tsakiya, baƙi wuluk, ya ɗaga kai yana kallon gaba. Wani biyu ne, hagu da dama. Wani kuma tsage-tsage aka jera masa tun daga goshin mota har gindin gilashi. Manya sun ga wannan ci gaba sun yi shiru, malamai sun kawar da kai, 'yan jarida suna can suna fama da labarin taki da ambaliya. Rowar yabo zalunci ce, don haka ni zan biya bashin.

A fara da ita kanta motar, Golf 3, uwar ɗakin hanyoyinmu, mai ɗaukar riɗi da shinkafa da amarya da mara lafiya. A shekarar 1991 Jamusawa suka fito da ita, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, saboda haka sa'ar jiharmu ce. Injiniyoyin Volkswagen a Wolfsburg sun ɓata shekaru suna aunawa, suna hura mata iska a ɗakin gwaji, suna buga ta da bango don su ga yadda za ta lanƙwashe, amma duk da tarin takardunsu suka sake ta duniya babu hanci. Ta ƙare ƙuruciyarta a Turai, ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano, ta bi hannu bayan hannu har ta iso mana, fiye da shekara talatin ba wanda ya lura da wannan naƙasa. Sai da ɗanmu ya zo, ɗan ashirin da 'yan kai, gwarzon totur, bajimin kwana, mai gani har hanji, wanda kallon bidiyo guda a waya ya ishe shi ya gano abin da ya shige wa Jamus duhu. Ranka ya daɗe, da kai aka tuntuɓa tun farko da ba a yi wannan abin kunya ba.

Gaskiya ne wasu sun riga mu fasa bonet, amma dubi ƙarancin himmarsu. A Amurka, Ford ta yi wa Mustang ta 1969 hanci, sai dai a kan inji aka ɗaure shi, inji mai lita 7 da ƙarfin doki 335, ya leƙo ta ramin bonet yana zuƙo masa iska mai sanyi. Chevrolet ta juya bakin na Chevelle ta 1970 baya, yana kallon gilashi, don an auna an ga a nan iska ke taruwa. Subaru ta Japan ta yi wa Impreza WRX nata saboda akwai na'urar sanyaya iskar turbo kwance a ƙarƙashinsa, tana jiran abin da zai shigo. Kowannensu sai da ya nemi dalili kafin ya taɓa ƙarfe, har da robar toshe gefe da magudanar ruwa. Wannan ai halin matsorata ne. Namu gwanin dalili bai isa ya tsayar da shi ba. Injinsa doki 75 ne ko 90 ranar da ya fito daga masana'anta, da yawa daga cikin dawakin kuma sun riga mu gidan gaskiya, amma ya ba ragowar hancin da ya fi na Mustang faɗi, don mai girma ba ya auna kyauta da buƙatar mai karɓa.

Masu wannan fanni mazhaba biyu ne, kuma kowacce tana da falala. Ta farko ita ce mazhabar gam. Almajiranta sukan sayo hancin roba daga Kano, a ɓare takardar bayansa, a manna a kan fenti, a danna da tafin hannu, shi ke nan aiki ya kammala. Babu rami a ƙarƙashi. Iska takan taho da gudu ta shiga, ta yi karo da ƙarfe, ta juya ta fita yadda ta zo, inji kuwa bai ma san an yi baƙuwa ba. Ina ne aka taɓa ganin kawaici irin wannan? Hanci ne mai azumin dindindin, wanda ya yafe wa duniya numfashi, ya wadatu da a gan shi. Kada wani ya ce bidi'a ce, don tana da asali: tun 1949 kamfanin Buick ya jera ramuka a gefen motocinsa, uku ga ƙarama, huɗu ga babba, suka zama ado da alamar muƙami. Kuma robar nan tana da alheri. Idan ranar Afrilu ta kai digiri 40 ta narkar da gam, sai wata rana a hanyar Birnin Kudu hancin ya ɗaga ya yi sama, ya sauka a ƙirjin ɗan acaɓan da ke biye, kyauta daga Allah, ba tare da ya roƙa ba.

Mazhaba ta biyu ita ce ta mazan jiya, masu cewa abin da ba a zubar masa da tartsatsi ba wasan yara ne. Nan ake kiran fanalbita, wanzamin ƙarfe, sarkin giranda, mai alli a kunne, wanda idonsa ya fi ma'auni daidai. Yakan ja baya taku uku, ya kanne ido ɗaya, ya ce, “Oga, nan ne zai fi kyau,” sai a zana, sai a yanka. A cikin bonet akwai haƙarƙarin ƙarfe da aka tsara domin idan an yi karo murfin ya naɗe a tsakiya maimakon ya taho ta gilashi ya sami na gaba a wuya. Giranda ba ta san wannan tsegumi ba, takan ratsa shi ta wuce. Mutumin da ya yi imani da ƙaddara me zai yi da haƙarƙari?

Wurin da ake zaɓa shi ne ƙololuwar hikimar. Masu ilmin iska sun ce idan mota tana gudu, iska takan matsu a gaban bamba da kuma gindin gilashin gaba, ta yi sako-sako a bayan leɓen bonet kaɗan. Lagireto yana hucewa ne idan iska ta shiga ta gabansa ta sami hanyar fita ta bayansa. Ramin da aka fasa can gaba, inda iska ke ja, yana iya fitar da zafi. Wanda aka fasa kusa da gilashi kuwa, cusa iska yake yi cikin ɗakin inji, ta cika wurin, ta tare wadda ke son ratsa lagireto. Gwanayenmu kusa da gilashi suka fi so, don a nan direba zai riƙa ganin abinsa yana tuƙi. Sakamakon haka allurar zafi, wadda ta shekara talatin tana zaune a tsakiya ba ta da wani buri, yanzu ta fara hawa sama, ta san ita ma ana iya ɗaukaka ta. Game da ƙarin ƙarfi kuwa, lissafi ya nuna a gudun kilomita 100 a awa matsin da iska ke ƙarawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ko da an haɗa hancin da bututun inji, balle ba a haɗa ba. Amma lissafi ai a takarda yake, shi kuwa mai mota a jikinsa yake jin ta ƙara gudu, musamman da yake ya huda salansa a mako guda.

Sai kuma karɓar baƙi, halin da aka san mutanen ƙasar nan da shi. Ƙurar hunturu takan taso tun daga kwarin Bodele a Chadi, ta keto ɗaruruwan kilomita, ko'ina ta je ana rufe mata taga ana ɗaure mata fuska da rawani. A bonet ɗin ɗanmu kaɗai take samun ƙofa a buɗe. Shi kuwa ya riga ya cire matatar iska, don an gaya masa tana shaƙe mota, saboda haka baƙuwa takan wuce har ƙuryar ɗaki, ta gauraya da baƙin mai, ta zauna tana goge ringi da silinda dare da rana ba ta karɓar lada. Ba a jima ba sai ka ga shuɗin hayaƙi yana bin motar a baya, shaidar cewa an ci an ƙoshi. Damina ma ba a bar ta a waje ba. Ruwan Agusta yakan sauka kai tsaye a kan koyil da fulogi, ya yi musu wankan da ba su taɓa samu ba tun Jamus. Idan da safe mota ta ƙi tashi, yaran unguwa sun sami motsa jiki. Bakin yankan da ba a shafa wa fenti ba ya yi jan tsatsa mai kyau, ɓera kuma ya sami gida mai ɗumi da wayoyin ci.

Zalunci ne a yabi mai mota a manta da makanikensa, likitan da bai taɓa rasa abin cirewa ba. Mota ta zo tana zafi, ya cire tamostat ya jefar, ya ce na ƙasar sanyi ne. Ya haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyi tun daga tayarwa har kashewa. Ya cika lagireto da ruwan rijiya, wanda ke barin gishiri da tsatsa su toshe 'yan bututun ciki sannu a hankali. Wani mai ƙaramin tunani zai ce a wanke lagireto, a canza murfinsa, a duba famfon ruwa, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. To wa zai gani? Aikin da aka rufe bonet a kansa ba shi da shaida. Hanci kuwa tun daga nesa yake sallama.

Inda na fi sara wa waɗannan bayin Allah shi ne iya tsara kuɗi. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, abin da direba ke komawa gida da shi ya zama ɗan kaɗan, dole mai hankali ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci. Ga taya ta suɗe har zare ya leƙo, lambobi huɗun da ke gefenta masu nuna mako da shekarar ƙira suna ba da labarin zamanin da direban yake firamare. Ga birki sai an taka sau uku yake amsawa. Ga fitila ɗaya ta mutu, shakazoba ta zube. Ga kuma hanci. Jarumi bai yi wata-wata ba. Ya san taya a ƙasa take, cikin turɓaya, ba mai daraja ta, birki kuwa kayan masu niyyar tsayawa ne. Sai ya ɗora mutum biyu a gaba, huɗu a baya, buhuna a but da yaro a kansu, ya kama hanya. Idan wata dattijuwa ta dafa kujera ta ce, “Ɗan nan, ka yi a hankali, da jikoki nake,” sai ya amsa cikin ladabi, “Inna, kwantar da hankalinki, ba ki ga gaban motar ba ne?” Wace amsa ce ta fi wannan sanyaya zuciya?

Hukumar kiyaye haɗurra, tun kafa ta a 1988, takan tambayi abubuwa irin su taya da bel da abin kashe gobara, a 2017 kuma ta ƙaro na'urar taƙaita gudu ga motocin haya. Har yau ba ta ware lambar yabo ga hanci ba, abin da ke nuna yadda gwamnati ke nesa da masu fasaha. Fasinja dai ba su da abin fargaba, tun da babban asibitin tarayya yana nan Birnin Kudu, kuma mutanen ƙauyukan bakin hanya ba su taɓa ƙin fitowa da gudu su taimaka a ciro mutane ba.

Masu hassada suna cewa abin baƙo ne, ba gadonmu ba. Su je Dutsen Habude da Dutsen Mesa su ga shanun da mutanen dauri suka zana a jikin dutse, su san ƙasar nan ta daɗe da masu adon abin hawa da abin kiwo. Bambancin kawai, na da suna da tsoro. Mai doki a hawan Sallah na Dutse yakan lulluɓe ingarmansa da jalala da ɗan kai da sirdi mai aiki, amma sai ya fara duba kofato da linzami, ya ba shi harawa, kuma bai taɓa ɗaukar aska ya ƙara masa ƙofar hanci a gadon baya ba. Jikokinsa ne Allah ya ba wannan ƙarfin zuciya.

Ranar da gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai, inji ya buga a tsakanin Gwaram da Basirka, fasinja suka sauka suka nemi inuwa, kada kowa ya zargi hanci, don a tsaye za a same shi, ko gezau. Dillalin da ya zo saye zai ɗaga bonet ya ga yankan, ya rage kuɗi, ya ce sai an nemo wani murfin a Ƙofar Ruwa, amma dillali dama bai san darajar fasaha ba. In ciniki ya ƙi, 'yan gwangwan suna nan da sikelinsu, su a kilo suke saye. Kafin su ɗora ta, maigidan zai sa sukuddireba ya ɓamɓare hancinsa a hankali, ya goge shi da gefen riga, ya aika yaro ya sayo sabon gam, domin ƙaninsa ya karɓo wata Vectra jiya, ita ma haka Jamusawa suka sake ta babu ko tsaga ɗaya.