Baba Bai Gaji Ba, Ku Ne Kuka Ƙosa

Na ji ku, 'yan digiri masu zaman majalisa a bakin gadar Wudil. Kullum zancenku ɗaya ne: tsofaffi sun ƙi tashi daga kujera, shi ya sa babu aiki. To, sannunku da haƙuri. Amma kafin ku yi wa Baba rakiya da ganga, wa zai nuna muku inda aka cusa fayil ɗin da aka buɗe tun ba a haife ku ba? Kwamfuta? Ita ma sai an kawo wuta take magana.

A doka, ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Sai aka fara buɗe ƙofofi: a 2012 Jonathan ya kai farfesoshi 70, a 2022 Buhari ya sa hannu malaman makaranta su kai 65 ko shekara 40 suna koyarwa, a 2023 Tinubu ya daidaita na alƙalan manyan kotuna a kan 70. Kun ce son kai ne. Ni kuwa na ce ku dubi jami'ar kimiyya da fasaha ta garin nan, wadda ta soma a 2001, yanzu take ɗauke da sunan Ɗangote. Gini ana gama shi cikin 'yan watanni, amma farfesa ba a nome shi a damina ɗaya. In ya tafi, wa zai duba aikin masu digiri na uku? Kai da ka gama bautar ƙasa bara?

Ku leƙa kasuwar shanu ta Kara ranar Juma'a. Tsohon dillali zai buɗe bakin sa, ya dubi haƙora, ya faɗi shekarunsa da kuɗinsa, kai kana can kana latsa waya. Ban taɓa jin an ce masa ya yi ritaya ba.

Abin dariya, a Faransa da Macron ya ɗaga shekarun fansho daga 62 zuwa 64 a 2023, mutane titi suka cika don ba sa son ƙari. Mu nan kuwa wani kotu yake zuwa ya rantse a rage masa shekaru, har ya kusa zama sa'an ɗan farinsa.

Eh, Baba, da kai nake, kada ka ɓoye fuska a jarida. Kai ma kana da laifi. Ka rufe sirrin aiki a durowa, mukulli a aljihu, ba gona, ba shago, ba ko tunkiyar kiwo, kana jiran giratuti ya zo ya yi maka komai.

Duk ma'aikatar da za ta ƙara wa dattijo wa'adi, ta rubuta masa sharaɗi: ya zaunar da matasa biyu a gefensa, ya koya musu aikin kafin ya miƙa mukulli. Ku kuma samari, in an kira ku, ku zo ƙarfe takwas.