Wai Ya San Adireshin IP Ɗinka? To, Sai Me?

Matso kusa, malam mai gardama. An ce jiya ba ka runtsa ba, don wani yaro a Facebook ya yi maka barazanar cewa ya samo adireshin IP ɗinka, zai biyo ka har bakin gado. Ya ma turo lambar: 192.168.1.5. Ka duba wayarka, ka ga ita ce kuwa. Sai cikinka ya ɗuri ruwa. To, kwantar da hankalinka. A daren nan kaɗai, wayoyi da kwamfutocin da ke amsa wannan lambar ba su ƙirguwa, daga Fagge har Tokyo.

Ka ce ƙarya nake, adireshi ɗaya ba ya zama na mutum biyu? Ashe? Gidanku akwai Auta? Akwai. Gidan maƙwabta fa? Akwai. Ka taɓa jin an kai ƙara gaban mai unguwa a kan sunan? A tsakar gida, in aka ƙwala kira "Auta!" mutum ɗaya ne zai amsa. Amma rubuta wasiƙa ka sa "Zuwa ga Auta, Najeriya", ka kai gidan waya, ka ga irin kallon da za a yi maka. Lambar nan da ke wayarka sunan gida ce. Rautar gidanka ce ta raɗa mata shi, kuma iyakarsa inda waifai ɗinka ya tsaya.

Kada ka ce da ka aka yi abin. Tun 1996, a wata takarda mai suna RFC 1918, masu tsara ƙa'idojin intanet suka ware rukuni uku na lambobi don amfanin cikin gida: duk wadda ta fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da kuma 192.168. Kowa ya ɗiba kyauta, sharaɗin kawai kada a fita da su titi. Shi ya sa rautoci da yawa ke amsa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, MiFi na Huawei kan amsa 192.168.8.1, iPhone kuwa in ta raba data sai ta kira kanta 172.20.10.1.

Ka ce to in haka ne, ta yaya saƙon WhatsApp ke samo ka bai faɗa wayar maƙwabci ba? Yawwa, yau ka yi tambayar masu hankali, Allah ya ƙara. Rauta ita ce yaron aike da ke zaune a zaure. Fuska biyu gare ta: ɗaya na kallon cikin gida, ɗaya na kallon titi, kuma ta titin ce ke ɗauke da adireshin da kamfanin layinka ya bayar. In wayarka ta yi aike, rauta ta goge sunan gidan, ta manna adireshin waje, ta rubuta a littafinta wa ya aika da kuma ta wace ƙofa saƙon ya fita. In amsa ta dawo, ta duba littafi ta miƙa wa mai ita. Wannan aikin shi ake kira NAT. Don haka kai da uwargida da talabijin ɗin falo, a idon duniya duk lamba ɗaya ce.

Ka ce rowa ce kawai, me ya hana a ba kowa tasa? Haba! Har da mu za a yi wa sharri? Tsohon tsarin, IPv4, lambobi 4,294,967,296 gare shi, ba ƙari. Mutanen duniya sun haura biliyan 8 tun 2022, kai kanka wayoyi biyu ne a aljihunka, ban da ta ɓoye. A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar abin da ke rumbunta ga cibiyoyi biyar na yankunan duniya, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka daga Morishas, ta kakkaɓe hannu. Akwai sabon tsari, IPv6, wanda lambobinsa za su ishi jikokin jikokinka, amma ƙaura zuwa gare shi tafiyar hawainiya take yi.

Na ga ka gyara zama. Ka ce to shi ke nan, aƙalla adireshin wajen naka ne kai kaɗai? Sannu, mai gida! In da layin waya kake hawa intanet, mai yiwuwa kamfanin ya sake tara ku, ku da yawa, bayan adireshi ɗaya. In ka leƙa shafin rautarka ka ga lambar da ke tsakanin 100.64 da 100.127, ko mai farawa da 10, to ba ka iso titi ba tukuna. Tambayi Google adireshinka na waje, ka nemi inda yake a taswira: kana Kano da hularka, a ce maka kana Legas. Kashe data ka kunna, sau da yawa lambar ta sauya. Abin da baƙo zai tsinta daga ciki bai wuce sunan kamfani da kintacen gari ba. Sai dai kar ka ce ka samu layar zana ka shiga zagin mutane. Kamfanin ya san wanda ya riƙe wace lamba a wane lokaci, layinka kuma yana ɗaure da NIN.

Saura kai, Alhaji, da ka sa kyamarar tsaro a gida, ka sauka Dubai ka buga 192.168.1.20 don ka ga wa ke shan lemon firij, shafi ya ƙi buɗewa, ka ce mai sa kyamara ya cuce ka. Bai cuce ka ba. Waifan otal ka tambaya, shi kuma bai san da zaman kyamararka ba. Sai an buɗe mata ƙofa a rauta, ko a bi ta manhajar kamfanin da ya ƙera ta.

Ka ce ke nan ba abin tsoro? Akwai mana, amma ba inda kake kallo ba. Wanda ya hau waifai ɗinka ya riga ya shigo, yana iya buɗe shafin rautar ya yi yadda ya ga dama. Kai kuwa kalmar sirrinka 12345678 ce, ta rautar kuma "admin" tun ranar da aka ciro ta daga kwali. Ka ce yaya aka yi na sani? Je ka canza tukuna, sai mu ci gaba da gardamar.