Zum Sabo ko Na Hannu? A Duba Shi Kamar Ragon Layya

Da an shiga goman ɗokin sallah, sai matasan masu hoto na Takur su fara zarya. Wannan ya zo da hoton wani zum a waya, wancan ya zo da lissafin kuɗin adashinsa, tambayar dai guda ce: "Yaya, in sayi sabo a kwali ne, ko in lallaɓa da na hannu?" To ƙanena, ja benci ka zauna. Kuɗin nan guminka ne, ba na son in ga ka kai shi inda za a cinye maka a banza.

Na san abin da ya taso ka. Bara ka hau Garu da ɗan gilashin nan 18-55 da ya zo tare da kyamararka, ka tsaya inda aka tsayar da jama'a, ka ɗauki Mai Martaba a ƙarƙashin laima. Da ka dawo gida ka buɗe hoton, sai da ka sa yatsa kana nuna wa mutane: "Ga shi nan, wannan ɗigon." Hanya biyu ce ta cika hoto da fuskar mahayi: ko gilashi ya zuƙo maka shi, ko kai ka taka da ƙafarka zuwa gaban dokin da ya sheƙo zai yi jahi. Hanya ta biyu kyauta ce, amma dogarai ba sa sonta, mai ɗori ne kaɗai ke murna da ita. Saboda haka kuɗin zum, rabinsa kuɗin hoto ne, rabinsa kuɗin lafiyar ƙaurinka.

Kafin a zo maganar sabo da tsoho, faɗa min me kake ɗauka. In abincinka a kamu da walima yake, cikin zaure ko ɗakin taro mai ƙarancin haske, 70-200 mai ƙofar haske f/2.8 shi ne ango. Hasken da yake sha ya ninka na mai f/5.6 sau huɗu, shi ya sa amarya ke fitowa tas, 'yan kallon da ke bayanta su narke kamar man shanu. In kuwa hawan sallah da Hawan Bariki ne, ko yaye ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Dutse, inda rana ke ba da haske ba awo, 70-300 ko 55-250 ya ishe ka. Masu 150-600 na Sigma da Tamron kuwa na mai bin tsuntsu ne. Ka kuma tambayi wuyanka shawara, don shi zai yi dako. Canon 70-200 mai f/2.8 ya kai kusan kilo ɗaya da rabi. Cika gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, ɗaura mata igiya, ka rataya tun daga Takur ka hau duwatsun Garu ka sauko. In ka dawo kana murmushi, je ka saya.

Ni dai ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: tsohon gilashi mai asali ya fi sabon gilashi na araha, muddin ka duba shi da idonka. Da tsohuwar zuma ake magani. Gilashi ba waya ba ne da za a ce bana ya tsufa. Kyamara ce ke tsufa da sauri, gilashi kuwa in ya samu riƙo, sai ya aurar da kyamara uku yana nan garau. Sannan ba kowane sabo ne sabo ba. Canon 75-300 ɗin nan mai lamba III da ake miƙo maka a leda yana ƙamshin kanti, ƙirar 1999 ce, shekarar da aka koma mulkin farar hula, kuma ba shi da abin hana rawar hannu. Kwalin ne ɗan bana. Shi kuwa 70-200 f/2.8 mai lamba II da ya fito a 2010, ko ya zo da ƙujewa a jiki, har gobe yana ciyar da gidaje.

Zamani ma ya taimaki mai sayen na hannu. A 2018 Canon ta fito da sabon bakin ɗauri na RF, Nikon ta fito da Z, na kyamarori marasa madubi a ciki. Masu hoto a Amurka da Turai da Jafan suka yi ta sauya sheƙa, suna sayar da gilasansu na EF, wanda ake yi tun 1987, da na F, wanda Nikon ke yi tun 1959. Kayan nan su ne ke biyo jirgi su sauka Legas, su gangaro Kano, mu kuma mu bi ta Kwanar Huguma da Wudil mu tarye su. A ɗaya gefen, tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sabon gilashi mai farin jiki ya shiga sahun kuɗin fili.

To amma na hannu ba a sayensa ta waya. Wannan cinikin biri a sama ne. Ka taɓa ganin wanda ya sayi ragon layya a Maigatari ta hoton WhatsApp? Zuwa ake yi, a buɗe baki, a taɓa gadon baya, a sa shi ya yi tafiya. Malamai sun ce a guji mai ido ɗaya, da gurgu, da marar lafiya, da ramamme. Wallahi ka riƙe waɗannan huɗun, sun ishe ka a kasuwar gilashi.

Fara da ido. Cire murfin gaba da na baya, kunna tocilar wayarka, haska ta ƙasa, ka leƙa ta sama a ɗan karkace. Za ka ga ƙura, kada ka firgita. Babu zum marar ƙura, ko a Tokiyo yake kwana, balle wanda ya sha hunturu biyu a Jigawa. 'Yan ɗigo-ɗigon nan ba sa fitowa a hoto, amfaninsu ɗaya ne: ka yamutsa fuska, ka ja tsaki kaɗan, a rage maka kuɗi. Abin gudu shi ne wani zare-zare fari mai kama da yanar gizo-gizo da ke tasowa daga gefe yana rarrafe zuwa tsakiya. Wannan fumfuna ce. Rai gare ta, tana son laima da duhu, kuma in ta daɗe tana cin rufin gilashin, ko an wanke sai ta bar tabo. Gilashin da ya yi damina uku a cikin jaka a Legas ko Fatakwal ya fi kowa kamuwa da ita. In mai kaya ya ce "ai gogewa kawai za a yi", ce masa ya goge, kana jira. Haka in ka ga hazo a ciki kamar safiyar Janairu, ajiye masa kayansa. Ƙarzuwa kuma, ta gilashin baya ta fi ta gaba illa.

Sai gurguntaka. Murza zoben zuƙowa daga farko har ƙarshe, a hankali, kunnenka na kusa. Ya kamata ya tafi sumul kamar an zuba masa man gyaɗa. In ka ji ƙaras-ƙaras, yashi ya shiga. In ya cije a tsakiya, ya taɓa faɗuwa, ko da mai shi ya rantse. Dubi bakin gaba inda ake ɗaura filta: lanƙwasa a nan shaidar ya sha ƙasa ce. Dubi kawunan kusoshin baya: in sun cinye, wani ya riga ka shiga ciki da sukudireba, kuma ba lallai ya mayar da komai inda ya same shi ba. Kifa bakinsa ƙasa ka ga ko zai zazzago da kansa. Tsohon Canon 100-400 na 1998, wanda ake ja ana turawa kamar famfon keke, gilashi ne mai kyau, amma duk ja sai ya shaƙi iska, iskarmu kuwa ka san abin da take ɗauke da shi daga Disamba zuwa Fabrairu.

Rashin lafiya ba ya bayyana sai an ɗaura. Don haka ka tafi da kyamararka, da batir a cike, da katinka. Kada ka yarda a gwada maka a kan ta mai shago, don ba da ita za ka koma gida ba. Nan ne ake gane auren da ba zai ɗauru ba: gilashin EF-S ba ya hawa babbar kyamarar Canon irin su 5D da 6D. Ƙananan Nikon irin su D3200 da D5300 ba su da injin juya tsofaffin gilasan AF-D, sai dai ka saita da hannu, doki kuwa ba ya jiran mai murza zobe. Wasu tsofaffin Sigma na zamanin fim, da ka danna sai kyamara ta rubuto maka Err. In ka ga Err 01 a Canon, goge 'yan ƙarafunan zinaren baya da ƙyalle mai tsabta. In ya sake fitowa, yi sallama. In ya ɗauru lafiya, auna abu na kusa, ka auna na nesa, sau ashirin. Lafiyayye yana cafkewa nan take, marar lafiya sai ya yi ta kai da komo yana kuka kamar ɗan akuyar da ya ɓace wa uwarsa. Kunna abin hana rawa, IS ko VR, ka ga ko hoton zai tsaya cak a idonka. Sannan nemi bangon bulo, tsaya daidai gabansa, ɗauka da ƙofar haske a buɗe duka, ka zuƙo kusurwa huɗu. In uku sun fito ras, ɗaya ta yi dishi-dishi, gilashin ciki ya goce. Ga mai ido ɗayanka nan.

Wani abu da ke sa a zargi gilashi a banza: kada ka yi gwajin nesa da tsakar rana a watan Afrilu. Idan zafi ya haura 40, duwatsun Dutse da kwalta suna fitar da tururin da ke sa komai rawa, ko zum na miliyan goma ne sai ya kawo maka hoto kamar an jiƙa shi. Gwada da sassafe. Kuma ka lura da gudun shata: 300 a kan ƙaramar Canon daidai yake da 480, don haka kada ka yi ƙasa da 1/500, in doki na sukuwa kuwa 1/1000 ko sama. Rabin gilasan da ake kira "ba ya kaifi", hannun mai su ne ke rawa.

Ramamme shi ne wanda ya zo tsirara: ba murfi, ba hular baki, ba jaka, ba rasit, lambar jikinsa an kankare. A nan ka tsaya ka yi tunani da gaske. Araha ba ta ado, kuma kayan wani bawan Allah da aka yanke wa jaka a wurin taro ba abin da za ka ci albarkarsa ba ne. Nemi rasit mai ɗauke da lambar gilashin, da sunan shago, da sharaɗin kwana uku ko mako na mayarwa. Wanda ya yarda da kayansa ba ya gudun wannan.

Za ka sha labari, ka saurara da ladabi. "Wani Alhaji ne ya sayo a Dubai, bai ma san kansa ba." "Wata Baturiya ce ta yi aiki da shi sau biyu kacal." Baturiyar nan ta yi hidima, don kusan kowane gilashi a kasuwa ta hannunta ya biyo. Baturiya ɗaya ce ke faɗin gaskiyar zum, ita ce dausayin tsuntsaye na Kiri Kasamma a ƙasar Haɗeja, inda in gilashinka ya kamo idon tsuntsu daga tsallaken ruwa, magana ta ƙare.

Sabo fa? Yana da ranarsa, ba na hana ka. In ba za ka iya zuwa ka duba ba, ko ka ɗauki kwangilar da in gilashi ya mutu a tsakiyarta sunanka ne zai mutu, ko kyamararka marar madubi ce kuma ba ka son adaftar da ake ɗaura mata tsohon gilashi da ita, sayi sabo ka yi barci. Kayan gyaransa ma suna nan, alhali tsofaffin ƙira kamfani kan daina yi musu bayan wasu shekaru. Sai dai ka haɗa lambar kwali da ta jikin gilashi, don leda ba ta da wuyar naɗawa. Ka kuma tambaya a fili: in ya lalace, wa zan kawo wa, a wane gari? Garantin da aka rubuta don wata ƙasa ba lallai ya san hanyar Takur ba.

Ko wanne ka ɗauko, rage kuɗin filta da hular baki da ɗan famfon hura iska. Kada ka goge ƙurar hunturu da bakin riga, yashi ne, karce gilashi yake. Hura tukuna. Kada ka sauya gilashi a tsakiyar fili dawakai na tayar da ƙura. Da damina, fitar da shi daga jaka, sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada ka bar shi a mota a rana. Canon ma da ta fara fentin manyan gilasanta fari a 1976, don gudun zafi ta yi, kuma ba ta ɗanɗani ranar Dutse ba.

Saura masu aro. Ranar jajibiri wani zai yi sallama, ya yaba zum ɗin, ya ce na awa biyu kawai. Tarbe shi da fara'a, ka kawo masa ruwa mai sanyi, ka tambayi mutanen gida. Sannan ka shiga ɗaki ka ɗauko masa 18-55 ɗin nan, ka roƙe shi don Allah ya tsaya bayan dogarai.