Rabe-raben Masu Tantance Saukar Manhaja a Tasawa da Mayahi

Matasan da ke koyon ƙera manhaja a Tasawa da Mayahi, ciki har da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da ke dawowa gida hutu, suna fuskantar jarrabawa iri ɗaya duk sa'ad da aka fitar da sabon zubin Android Studio, wato tarin kayan aikin da kamfanin Google ya tanada domin rubuta manhajojin waya. Fayil ɗin ya ɗara gigabait guda, saukar da shi kuwa ta rezon Airtel ko Moov ko Zamani yana lashe forfe, wato guzirin intanet da ake saye a ƙayyade, shi ya sa tambayar ko ya sauka cikakke ta raba su gida-gida.

Mafi kwanciyar hankali a cikinsu shi ne mai saurin gamsuwa, wanda da zarar ya ga sunan fayil a allo sai ya rufe kwamfuta ya nufi wurin mai shayi, bai lura da wutsiyar crdownload da Chrome ke liƙa wa abin da bai gama sauka ba. Kashegari kuwa zai rantse cewa injiniyoyin Amurka ne suka yi aikin ha'inci. Kishiyarsa mai gadi ne, wanda ke tsare layin da ke nuna ci gaban saukar tun daga isha'i har asuba, yana hana ƴan gida kusantar tagar da rezo ya fi ƙarfi. Uzurinsa karɓaɓɓe ne, domin tun da Najeriya ta katse lantarkin da take bai wa Nijar a watan Agustan 2023, har da layin da ke tasowa daga Katsina ya bi ta Gazawa, ya daina amincewa da kuran, wato wutar lantarki, ko da ƙwan fitila na haskawa a kansa.

Mai awo ya fi waɗannan biyu ilimi kaɗan, ya kuma fi su alfahari nesa ba kusa ba. Shi girman fayil yake gwadawa da abin da masu manhajar suka bayyana, in sun yi daidai sai ya yanke hukunci, kamar mai sayen gero a kasuwar Mayahi da ya ƙirga tiya ta cika bai duba ko rabinta tsakuwa ce ba. Ɗan dogaro kuwa bai taɓa saukar da komai ba: ta manhajar Xender ko ƴar kile, wato ma'ajiyar USB, yake karɓa daga wani abokinsa na Kanambakashe, wanda shi ma daga wani ya karɓa, kuma salsalar ba ta taɓa kaiwa ga wanda ya ga asalin.

Wanda ke kan daidai shi ne mai hatimi, ko da yake zama da shi sai haƙuri. Hatimin da yake nufi shi ne SHA-256, lissafin da ke matse duk abin da ke cikin fayil ya fitar da jerin haruffa da lambobi 64, ta yadda canjin ɗigo guda ke sauya jerin baki ɗaya. Masu manhajar na buga nasu jerin, mai saukewa ya fitar da nasa da umarnin certutil a Windows, sannan a gwada. Aikin bai wuce minti ɗaya ba, amma mai hatimi kan tara jama'a, ya sa ƙaramin yaro karanto masa jerin da Faransanci yana amsawa da Hausa, su ɓace a wajen harafi na talatin su koma farko. Ƙaninsa a wannan mazhaba huɗun farko da huɗun ƙarshe kaɗai yake dubawa, ya bar sauran 56 ga ƙaddara.

Saura mai waswasi, wanda ko hatimi ya dace sai ya goge fayil ɗin ya sake saukewa, kuma masu sayar da katin waya a bakin titin Maradi zuwa Damagaram su kaɗai ne a Tasawa ke yi masa fatan kada ya warke.