Dokin da Ba a Lissafawa a Hawan Sallar Ringim

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Ringim ta fita daga ƙarƙashin Kano ta samu sarkinta, hawan Sallah ya zama abin da garin yake tunƙaho da shi. Hakimai daga Taura da Garki da Ɓaɓura suna shigowa da dawakansu, 'yan kallo suna ƙirgawa suna yaba adon kowane. Amma akwai dokin da ya fi kowane shan wahala a ranar, kuma ba wanda yake ƙirga shi: maigidan da ya kwaso yara ƙanana zuwa kallo. Ni dai a ganina, lokaci ya yi da za a sa shi cikin lissafi.

Ga hujjata. Doki hawansa ake yi, to shi ma haka. Ɗan shekara uku ba ya hango komai a cikin taro sai gwiwoyin mutane, dole a saɓa shi a wuya. Nan take kunnuwan uba sun zama linzami, dugadugan sabon takalmi sun zama ƙaimi. Doki ana yi masa ado, shi ma ya fito da shaddar da mai bugu ya sha gumi a kanta, kafin la'asar zoɓo ya yi mata jan aiki a kafaɗa, ƙanƙara ta narke ta bi ƙeya. Bambancinsu ɗaya: doki ba shi da aljihu. Shi kuwa sai ya sayi usur, da tabarau na roba, da balan-balan wadda za ta fashe kafin a ba shi canji. Sai 'yan bindiga sun buga, kakaki ya tashi, laimar sarki ta ɓullo daga nesa, sannan mahayin zai sunkuyo ya ce, “Baba, fitsari.” Kafin a nemo lungu a dawo, saura ƙura da kashin doki.

Na san mata za su ce ai su suka fi shan wuya, tun daga kitso da lalle har tuwon Sallah da goyo. Ban musa ba. Sai dai uwargida takan ƙirga yara uku da takalma shida ta damƙa wa maigida, da magariba ta sake ƙirgawa ta samu biyar, kuma ban taɓa jin dokin da aka titsiye a zaure kan ƙafar takalmi ɗaya ba. Wasu kuma za su ce a bar yaran a gida su kalla a waya. Wanda ya faɗi haka bai taɓa jin kukan yaron da ya ji algaita daga cikin gida an hana shi fita ba. Ban da haka, waya ba ta kawo warin albarushi, ba ta girgiza ƙirji idan tambari ya amsa. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin kayan gadon al'adun duniya, na Ringim kuwa tushensu ɗaya, kuma irin wannan gado a wuyan iyaye ake miƙa shi. Duk uban da yake nishi yau, a wuyan wani ya fara ganin sarki. Bashi ya ci, biya ya zo.

Saboda haka iyaye maza, a daure a kai yaran. A rubuta lambar waya a takarda a cusa a aljihun kowane yaro, a tsaya nesa da inda ake sukuwa, a kuma kai kowa bayan gida kafin a fito. Ku kuma iyaye mata, ku tuna dokin sarki idan ya koma barga ana sauke masa sirdi, a ba shi dusa da harawa. Naku dokin ba ya neman da yawa: kwanon fura, man zafi, da a ɗaga maganar takalmin nan zuwa gobe.